Saƙon "ku kashe wayoyinku da 12:30 na dare": me ke zubo mana daga sama, kuma daga ina yake?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yanzu ƙanwar maigidana ta turo mini wani saƙo, na ce bari in kawo nan tunda akwai masana. Wai yau daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare wani haske mai haɗari da ake kira kosmik zai shigo duniya daga Mars, kowa ya kashe waya, kada a kwana da ita kusa da jiki. Wai NASA ce ta sanar, BBC ma ta faɗa. Ni dai har na karɓe wayoyin yara na zuba a langa na rufe. Gaskiya ne?

Baffa Mai Waya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Saƙon nan ya girmi wayar da aka turo miki shi da ita. Kusan duk shekara sai ya zagayo, kuma kullum "yau da dare" ne, babu kwanan wata. Sannan 12:30 na wace ƙasa? Na Kano ko na Tokyo? Mayar wa yara wayoyinsu.

Ɗan Zongo:
Kai, wannan saƙo! Ni ya taɓa kwanar da ni a waje. Watan Janairu na 2010 ne, 'yan kwanaki bayan girgizar ƙasar Haiti, ina Nima a Akra. Haka ya fara yawo a waya, kafin tsakar dare labari ya rikiɗe ya zama wai girgizar ƙasa za a yi a Gana. Aka dinga buga ƙofofin mutane. Ni na goyo kakata, Allah ya jiƙanta, har filin makaranta, tana riƙe da carbi da ƙullin goronta, tana ce mini in koma in ɗauko mata buta. Nan muka zauna cikin sanyin hunturu, sauro ya yi biki, har aka kira asuba. Ko ƙofa ba ta motsa ba. Gari na wayewa hukuma ta ce ƙanzon kurege ne.

Maman Ummi:
Allah ya jiƙanta. Wato abin ma babu shi kwata-kwata ke nan?

Malam Sani Fiziks:
Hajiya, saƙon ne ƙarya, amma abin da aka ambata akwai shi. Sai dai ba shi da lokacin zuwa, kuma Mars ba ta da hannu a ciki. Dare da rana yake sauka, tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Buɗe tafin hannunki ki kalle shi: kusan duk sakan ɗaya akwai wata 'yar ƙwaya daga cikinsu da ke ratsa shi ta wuce. Tana ratsa rufin kwano, tana ratsa rufin siminti, tana ratsa langar da kika zuba wayoyin.

Kawu Ɗanlami:
Malam Sani, ku 'yan boko ba kwa rasa abin faɗa. Abin da ba a gani, ba a ji, ba ya ƙaiƙayi, wa ya je ya gano shi? Kuma idan ma akwai, ai ba sai an wahala ba, daga rana yake. Me ke sama mai zafi in ban da ita?

Malam Sani Fiziks:
Kawu, tambayarka ita ce ta sa wani ya hau balan-balan. Farkon ƙarni na 20 masana suna da wata na'ura mai siraran wayoyi biyu. Idan aka ɗura musu cajin lantarki sai su buɗe su rabu, in cajin ya zurare su koma su haɗe. Abin da ya dame su, ko yaya aka killace ta sai cajin ya zurare a hankali. Aka ce ai tururin da duwatsu da ƙasa ke fitarwa ne, irin na yuraniyom. To in haka ne, da ka yi nisa da ƙasa abin zai ragu. A 1910 wani limamin coci Bajamushe, Theodor Wulf, ya hau da na'urar saman hasumiyar Eiffel a Faris, mita 300. Ya ragu, amma bai kai yadda lissafi ya nuna ba.

Sai Victor Hess, ɗan Ostiriya. Shi kwandon balan-balan ya dinga shiga da na'urorinsa. Ranar 7 ga Agusta 1912 ya kai kusan mita 5,300, inda numfashi ma wuya yake. Da farko ya ga abin ya ɗan ragu, yana ƙara sama sai ya juya ya dinga ƙaruwa, har ya ninka na ƙasa. Ya ce to wannan daga sama yake sauka.

Batun rana kuwa, bai manta da ita ba. Ya tashi da dare, ya kuma tashi ranar 17 ga Afrilu 1912 lokacin da aka yi husufin rana, wata ya rufe kusan dukkanta. Na'ura ba ta nuna ragi ba. A 1936 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aikin.

Kawu Ɗanlami:
Mutum ya bar iyalinsa ya shiga kwando don ya kalli waya biyu. Allah ɗaya gari bamban.

Dakta Hauwa:
Kawu, ba ka faɗi gaba ɗaya ba, kana da rabo. Rana ma takan watso nata ƙwayoyin idan ta yi aman wuta, irin na 23 ga Fabrairu 1956 da na'urori a doron ƙasa suka ji shi sosai. Amma wannan jefi-jefi ne, kuma yawancinsu ba su da ƙarfin na nesa. Abin mamakin ma, rana kare mu take yi. Iskar da take hurawa da maganaɗisunta suna tare wani kaso na baƙin da ke zuwa daga waje. Shi ya sa a zagayenta na shekara 11, idan ta yi zafin rai sai su ragu, in ta lafa su ƙaru. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, da ya fita daga wannan lemar ta rana a Agustan 2012, abin da ya fara shaida fitarsa shi ne ƙwayoyin rana sun ɗauke, na waje sun ƙaru.

Baffa Mai Waya:
Dakta, ke da Malam kuna ta cewa ƙwaya, ƙwaya. Ni a sanina haske ne, ɗan uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Sunansa ma na Turanci, cosmic rays, haske yake nufi.

Dakta Hauwa:
Baffa, sunan ne ya yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ba. Wanda ya raɗa shi, Robert Millikan na Amurka, babban masani ne mai Nobel, kuma shi ma haske ya ɗauka, irin mai ƙarfin nan da ake kira gama. Ya kafe a kan haka shekaru. Abin da ya karya maganarsa tafiyar jirgin ruwa ce. A 1927 wani ɗan Holan, Jacob Clay, yana auna abin a hanyarsa tsakanin tsibirin Jaba na Indonisiya da Turai, ya ga yana raguwa idan an kusanci tsakiyar duniya, wato layin ikwaita da ya raba arewa da kudu. Arthur Compton ya tura mutane sassa daban-daban suka auna a farkon shekarun 1930, suka samu haka. To haske ba ruwansa da maganaɗisu, miƙewa yake yi. Abin da maganaɗisun duniya zai iya karkatarwa dole yana ɗauke da caji. Aka yi ta kai ruwa rana tsakanin Millikan da Compton har a jaridu, a ƙarshe Compton ne da gaskiya, amma suna ya riga ya bi.

Yau an san su sarai. Cikin ɗari, kusan 90 furoton ne, wato cibiyar ƙwayar zarrar haidirojin. Kusan 9 cibiyar hiliyom. Ragowar su kabon ne da iskar shaƙa, har da ƙarfe, da 'yan ilektiron. Cibiyoyin duk an tuɓe musu rigarsu ta ilektiron, suna gudu dab da gudun haske.

Kuma ga abin da zai yi wa Hajiya daɗi: mu da ke kusa da tsakiyar duniya muna cikin waɗanda maganaɗisu ya fi karewa. Mutumin Kanada ko Nowe ya fi na Katsina shan wannan yayyafin.

Ɗan Damagaram:
To tunda ba haske ba ne, mu nema masa suna da Hausa mana. Ni na ce tartsatsin samaniya.

Ɗan Zongo:
Yayyafin samaniya ya fi, tunda Dakta ta riga ta faɗa, kuma ba ya ɗaukewa.

Ustaz Kabiru:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya kada in yi kuskure a gaban ɗalibai. Wannan shi ne abin da muke gani da dare yana gilmawa da wuta kamar tauraro ya faɗo?

Malam Sani Fiziks:
A'a Ustaz, wancan daban. Wanda ido ke gani tsakuwa ce ko ƙurar sararin sama da ke ƙonewa idan ta shigo iska. Namu ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa. Sai dai 'yan sama jannatin Apollo sun ba da labarin suna ganin walƙiya-walƙiya idanunsu a rufe, lokacin da irin waɗannan ƙwayoyin ke ratsa idon.

Kuma wanda ya taso daga nesa ba shi ne ke isowa kanmu ba. Can sama, kamar kilomita 15 ko fiye, yake karo da ƙwayoyin iska ya tarwatse. Gutsattsarin su ma su yi karo, su haifi wasu, har abin ya zama ruwan ƙwayoyi da ke bazuwa a fili mai faɗi. Pierre Auger na Faransa ne ya nuna haka a 1938, da ya ga na'urori biyu da ya ajiye nesa da juna suna ƙyastawa lokaci guda. Wadda ta fi isowa ƙasa cikin masu caji ita ake kira muwon, 'yar uwar ilektiron ce amma ta ninka ta nauyi sau 207. Ita ce mai ratsa tafin hannun Hajiya.

Ga inda nake tsayar da 'yan ajina su yi lissafi. Muwon ba ta daɗewa, rayuwarta kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ɗaya ce. Ko da gudun haske take yi, mita 660 za ta ci ta mutu. To yaya ta keto kilomita 15? Amsar tana wurin Einstein: abin da ke gudu dab da haske, agogonsa tafiyar hawainiya yake yi a idonmu. Duk shekara sai wani yaro ya ce Malam wannan tatsuniya ce, in ce masa to zo ka fitar mini da lissafin ta wata hanyar.

Kawu Ɗanlami:
Yaron nan jikana ne a ra'ayi. Amma har yanzu an ƙi ba ni amsa. Ba ƙasa ba, ba rana ba, ba Mars ba. Daga INA?

Malam Sani Fiziks:
Daga fashewar taurari, Kawu. Idan ƙaton tauraro ya ƙare makamashinsa yakan tarwatse, abin da ake kira sufanoba. Tun 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky suka kawo wannan shawarar, kuma a 2013 na'urar hangen nesa ta Fermi da ke sararin sama ta tabbatar. An rufe wannan babin.

Dakta Hauwa:
Malam, da girmanka, ba a rufe ba. Rabin shafi aka karanta.

Malam Sani Fiziks:
To Dakta, ragowar taurari biyun nan, IC 443 da W44, ba an ga shaidar furoton a cikinsu ba?

Dakta Hauwa:
An gani, ban musa ba. Bari in faɗi inda gizo ke saƙar. Matsalar ita ce wadda ta kayar da Millikan: suna da caji. Gungun taurarinmu, wato tarin biliyoyin taurarin da rana ke cikinsa, cike yake da maganaɗisu, don haka ƙwayar ba ta miƙewa, kwana take sha tana dawowa, har ta yi shekara miliyoyi tana gararamba kafin ta faɗo mana. Kamar mai adaidaita ne da ya wuni yana zaga lungunan cikin birni. Don ka gan shi ya ɓullo ta Ƙofar Mata, ba ka isa ka rantse daga inda ya taso da safe ba. Shi ya sa suke zuwa mana kusan daidai ta kowace kusurwa.

Dabarar da ake yi ita ce a nemi abokan tafiyarsu da ba sa karkata. Idan furoton ya yi karo da gas a kusa da inda aka haife shi, yakan fitar da hasken gama, da wata ƙwaya marar caji da ake kira niyutirino. Waɗannan miƙewa suke yi, suna nuna gida. Abin da Fermi ta gani ke nan a wurare biyun da Malam ya ambata. Kuma lissafin makamashi ya yi daidai: taurari biyu ko uku ne ke fashewa a gungunmu cikin shekara 100, kuma kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin fashewar ya isa ya ciyar da yayyafin. Yadda suke samun gudun ma an fahimta, tushensa daga Enrico Fermi ne a 1949. Ƙwayar tana kai da komo a bakin igiyar fashewar, duk tsallakawa ɗaya ta ƙara ƙarfi, kamar ƙwallo tsakanin bango biyu da ke matsowa.

Amma wannan injin yana da iyaka. Idan aka zana yawan ƙwayoyin bisa ƙarfinsu, akwai wurin da layin ke lanƙwasa, masana na kiransa gwiwa, wajen 1 mai sifili 15 a ma'aunin ilektiron-bolt. Ko ragowar taurari na iya kai ƙwaya har gwiwar nan, ana kan jayayya. A 2016 na'urorin H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas a Namibiya, waɗanda sunansu ma girmamawa ce ga Hess, sun nuna alamar wani injin mai irin wannan ƙarfin a tsakiyar gungunmu, unguwar da ƙaton baƙin rami yake, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa. Ka ga ba sufanoba kaɗai ke cikin zargi ba.

Malam Sani Fiziks:
Na karɓi gyara a kan manyan. Amma mafi yawan abin da ke sauka kanmu ƙanana ne, kuma a kansu ina nan a kan bakana.

Dakta Hauwa:
A kansu ba mu da faɗa, ni ma can na fi karkata. Manyan ne ke hana mutane barci. Ranar 15 ga Oktoba 1991 wata na'ura a hamadar Utah ta Amurka ta kama ƙwaya ɗaya tak mai ƙarfin jul kusan 50. Baffa, ka cika galan mai lita 5 da ruwa, ka sake shi daga tsayin mita ɗaya a kan ɗan yatsan ƙafarka. Wannan ƙarfin ne, a cikin abin da bai kai ƙwayar zarra ba. Injin CERN mai ingiza furoton a guje, da ke iyakar Faransa da Suwizalan, mai zagayen kilomita 27, abin da yake ba furoton ɗaya wannan ta ninka shi fiye da sau miliyan 40.

Baffa Mai Waya:
La ilaha illallahu. To idan irin wannan ta faɗo wa mutum a ka fa?

Dakta Hauwa:
Ba za ta iso a dunƙule ba, iska za ta raba ta biliyoyin gutsattsari a fili mai faɗin kilomitoci. Kuma irinsu ba sa kai ɗaya a murabba'in kilomita cikin shekara 100. Don haka ne a Malargüe ta Ajantina aka shimfiɗa tankunan ruwa fiye da 1,600, kowanne da lita 12,000, tazarar kilomita ɗaya da rabi tsakaninsu, a fili mai murabba'in kilomita 3,000, ana jiran su. A 2017 suka sanar cewa manyan sun ɗan fi zuwa daga wani ɓangaren sama da ke nesa da tsakiyar gungunmu. Ma'ana baƙi ne daga wasu gungun taurarin.

Waɗanne? Nan ake. A ranar 22 ga Satumba 2017 na'urar IceCube da ke binne cikin ƙanƙara a ƙarshen kudancin duniya ta kama niyutirino ɗaya, aka bi sawunsa zuwa wani gungu mai baƙin rami da ke feso wuta ta wajenmu, tafiyar haske ta shekara kusan biliyan 4. Wannan ya ƙarfafa zargin irin waɗannan gungun. Sai kuma a Mayun 2021 aka sake kama wata ƙatuwa a Utah, aka sa mata suna Amaterasu. Da aka waiwayi inda ta fito, sai aka tarar da wani yanki na sama da kusan babu komai a cikinsa. Kuma ba za a ce daga can ƙurya ta taso ba, domin tun 1966 aka lissafa cewa ƙwaya mai irin wannan ƙarfin tana zubar da shi a hanya idan tafiyar ta yi tsawo. Ko dai maganaɗisu ya karkatar da ita fiye da zato, ko akwai abin da ba a gani a wurin.

Kawu Ɗanlami:
Yauwa. Ashe dai ku ma akwai inda kuke cewa Allahu a'alamu.

Ɗan Damagaram:
Kawu ya samu abin da yake jira tun magariba.

Baffa Mai Waya:
Amma fa in koma kan sana'ata, akwai ɗan ƙamshin gaskiya a batun na'ura. Irin waɗannan ƙwayoyin kan bugi ma'ajiyar kwamfuta su juya 0 ya koma 1. A Beljiyam a 2003, lokacin zaɓe a wata unguwa mai suna Schaerbeek, na'ura ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'a 4,096 daga sama. Wanda ya san lissafin kwamfuta ya san lambar nan, 2 sau 2 sau 2 ce har guda 12, wato gurbi ɗaya ne ya juya. Masu bincike ba su samu kuskure a manhajar ba, zargi ya fi faɗawa kan irin wannan bugun. Sai dai abu ne da ba kasafai ba, kuma kashe waya da 12:30 ba ya hana shi.

Ɗan Zongo:
Baffa don Allah goge wannan kafin 'yan siyasarmu su gani. Gobe za ka ji an ce tartsatsin samaniya ne ya cika akwati.

Yaya Fanna:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma mu 'yan Yobe muna da kaso a nan. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, wanda aka ce ya kai shekara 8,000, Malam ba da wannan abin aka gane shekarunsa ba?

Malam Sani Fiziks:
Da shi ne, Yaya Fanna. Gutsattsarin karon da ake yi a sama suna bugun naitirojin ya koma kabon mai lamba 14. Bishiya na shaƙarsa muddin tana raye. Ranar da aka sare ta shigowa ta tsaya, wanda ke ciki ya fara raguwa, rabi duk shekara 5,730. Sai a auna abin da ya saura a itacen. Da irin muwon ɗin nan kuma aka leƙa cikin babban dalar Giza a Masar, a 2017 aka gano wani kogo mai tsawon kusan mita 30 ba tare da an fasa dutse ko ɗaya ba.

Maman Ummi:
Ni dai kaina ya ɗau zafi. Tambaya ɗaya ta rage mini. Malam ya ce abin yana ƙaruwa idan an yi sama. Ga Hajiyarmu za ta Umara bayan sati biyu, jirgi kuwa ya fi balan-balan ɗin Bature nisa. Akwai matsala?

Dakta Hauwa:
Babu, Hajiya. A ƙasa, duk abin da mutum ke sha daga sama bai wuce kashi ɗaya cikin shida na dukkan tururin da yake samu ba, in an haɗa da na duwatsu da iska da abinci. A jirgi ya fi yawa, gaskiya ne, amma Kano zuwa Jidda bai kai hoton ƙirji ɗaya na asibiti ba, ga shi hanyar ta yankin da maganaɗisu ya fi karewa take bi. Matuƙa da ma'aikatan jirgi da ke sama kullum su ake lissafa wa nasu. Masu babbar matsala su ne masu shirin zuwa Mars, don a hanya babu iska babu lemar duniya. Allah ya kai ta lafiya, ta sa mu a addu'a.

Maman Ummi:
Amin, na gode ƙwarai. Na buɗe langa kowa ya ɗauki tasa. Ummi ce ma ke tambaya, wai akwai yadda za a ga muwon ɗin da ido?

Malam Sani Fiziks:
Akwai. Ana buƙatar akwatin gilas, da sifirit mai ƙarfi irin na goge na'ura, da baƙin faranti na ƙarfe, da tocila, sai busasshiyar ƙanƙara a ƙasa, wato gas ɗin da ake sa wa lemon kwalba ne aka daskarar. Tururin sifirit ɗin na yin sanyi sai ki ga siraran farin layi suna gilmawa suna ɓacewa. Da babbar irin wannan na'urar Carl Anderson ya gano fositiron, kishiyar ilektiron, a 1932. Komai ina da shi a makaranta in ban da busasshiyar ƙanƙarar, shekara biyu ke nan ina nema.

Baffa Mai Waya:
Malam, akwai wani kwastomana da ke aiki a kamfanin lemo, zan tambaye shi gobe in ya zo karɓar wayarsa. Kilo nawa kake so?